Yadda Ake Sayar da Camaro ta 1969 Mai Sabon Inji

A kasuwar tsofaffin motoci ta Amurka, Chevrolet Camaro ta 1969 da aka ɗora wa LS3, injin zamani na Chevrolet, mai lita 6.2 da ƙarfin doki 430 ba ta rasa masu nema. Sai dai mai saye ba ruwansa da abin da ka kashe. Aikin da ka iya nuna masa a rasit da hoto shi yake biya.

Fara da takardu. Lambar shasin wannan mota tana da haruffa da lambobi 13, ba 17 irin na motocin da aka ƙera daga 1981 ba. Duba ta yi daidai da ta takardar mallaka. Idan motar ba SS ko Z/28 (nau'o'in Camaro na musamman masu ƙarfi) ta asali ba ce, tambari kawai aka manna mata, faɗi da bakinka kafin masana su tona.

Wurin da ciniki ya fi lalacewa shi ne ingancin haɗin injin. Tsohon kafireto matsin fetur na psi 5 zuwa 7 (psi ma'aunin matsi ne) ya ishe shi, LS3 kuwa kusan 58 yake so. Idan an bar tsohon tanki aka rataya famfo a waje, da an sha kwana sai fetur ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska, inji ya riƙa shaƙewa. Maganinsa tanki mai shinge a ciki da famfo a nutse. Leƙa kaskon baƙin mai ma: wanda aka ciro daga motar a-kori-kura yana saukowa ƙasa da shasi, tudu kaɗan ya fasa shi. Idan mota tana karkarwa a babban titi, sau da yawa giya da akasil ɗin baya ne ba su daidaita ba, a gyara kusurwar kafin kowa ya taɓa sitiyari. Shi kuwa birkin ganga na da, bai dace da doki 430 ba, kuma mai saye zai rage kuɗin birkin faifai daga tayinsa.

Yi mata tafiyar mil 500 bayan kammala aiki, don yoyo da zafin inji su nuna kansu a hannunka.

Hotuna su wuce fenti. Ɗaga motar ka ɗauki ƙasanta, da cikin but, da bayan tayoyin baya, da gindin gilashin baya, nan tsatsa ke ɓuya. Ƙara bidiyon tayar da inji da sanyin safiya, allurar baƙin mai da ta zafi suna a fili. Rubuta sunan giyar, Tremec TKX mai biyar ce ko T56 Magnum mai shida, da wanda ya saita kwamfutar injin.

A shafin gwanjon motoci na intanet, Bring a Trailer, gwanjo kwana 7 ne, mai saye na biyan la'adar kashi 5 cikin 100, kuma tambayoyi za su yi ta zuwa, ka amsa da wuri. Manyan tarukan gwanjon motoci na Barrett-Jackson a garin Scottsdale da na Mecum a garin Kissimmee, duka a watan Janairu, sun fi taron masu kuɗi, amma akwai kuɗin rajista da na dako. Mafi ƙarancin farashinka ka ɗauko shi daga motocin da aka riga aka sayar, ba daga abin da wasu ke nema ba.

Idan injin asali na nan, haɗa shi cikin cinikin, musamman in lambarsa ta dace da ta shasi. Kada ka miƙa makulli ko ka sa hannu a takardar mallaka sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun shiga.