Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta tarihin rayuwa a zangon Kumasi

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko wata unguwa ta zangon Kumasi yana da labarin da ya cancanci a rubuta, amma sau da yawa rubutun kan fito ba armashi saboda wasu kurakurai da gyaransu ba shi da wuya.

Na farko shi ne ƙoƙarin cusa rayuwa gaba ɗaya a cikin shafuka kaɗan, inda marubuci zai fara daga ranar haihuwa, ya jero sunayen kakanni, ya bi ta makarantar allo zuwa aure, ba tare da ya tsaya a ko'ina ba. Gara ya zaɓi abu guda, kamar shekarar da ya fara bin mahaifinsa harkar goro, ya ba shi haƙƙinsa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barin labari ba lokaci, ana ta cewa "a da can". Dattawanmu da dama ba su riƙe shekarun abubuwa da lissafin boko ba, wannan kuma ba aibu ba ne, domin tarihin ƙasa ya isa ma'auni. Idan kaka ta ce an yi bikinta lokacin korar baƙi, to tana nufin ƙarshen 1969, sa'ad da gwamnatin firaministan Ghana na lokacin, Kofi Busia, ta bai wa baƙi marasa takardar zama makonni biyu su bar Ghana, abin da ya raba iyalai da yawa a zango. Idan kuma ta ambaci shekarar yunwa, mai yiwuwa 1983 take nufi, shekarar fari da gobarar daji da komowar 'yan Ghana da aka kora daga Najeriya. Haka batun kuɗi yake: sidi ya maye gurbin fam a 1965, sannan a 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, saboda haka farashin kwandon goro ba ya gaya wa mai karatu komai sai an haɗa shi da shekara.

Akwai kuma gauraya abin da aka gani da abin da aka ji. Wanda yake goye a 1969 bai ga motocin da suka kwashi maƙwabta ba, don haka ya rubuta cewa mahaifiyarsa ce ta ba shi labari. Idan baffa da gwaggo suka saɓa a kan yadda abu ya faru, a kawo maganar kowannensu.

Game da harshe, bayanin marubuci yana iya bin daidaitacciyar Hausa, amma kada a goge Hausar zango daga bakin mutanen da ke cikin labarin a mayar da ita ta Kano.

Mafi nauyi shi ne amanar mutane. Zango wuri ne da kowa ya san kowa, sauya suna kaɗai ba ya rufa asiri, domin da an ambaci sana'ar mutum da layin gidansu an gane shi. Kafin a wallafa labarin saki ko bashi ko rikicin gado, ya kamata marubuci ya je ya karanta wa mai abin, ya ce, "Hajiya, kin amince in bar wannan?" Idan mai abin ya rasu, a nemi izinin magadansa, idan kuma sun ƙi, a cire wannan ɓangaren, marubuci ya tsaya ga abin da ya shafe shi shi kaɗai.