Yadda marubuciya za ta kai littafinta na farko ƙarshe

Labarai da dama da aka fara da ɗoki a babi na uku ko na huɗu suke tsayawa, daidai lokacin da marubuciya ta fara tunanin abin da mutane za su ce. Wannan tsoro yana da tushe, domin a cikin al'ummarmu idan mace ta rubuta labarin kishiya ko mutuwar aure, sai dangi da surukai su ɗauka sirrin gidanta ta tona. Maganinsa shi ne ki raba lokacin rubutu da lokacin fitarwa. Ki rubuta zubin farko kamar babu mai karantawa sai ke, daga baya ki zauna ki sauya suna da gari da duk wata alama da za ta sa wani ya tsargu.

Ki ware wa rubutu lokaci guda wanda ba ya sauyawa, kamar bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, ki ajiye waya nesa idan a takarda kike rubutu. Shafi ɗaya a rana ya isa. Kada ki koma gyaran shafin jiya, domin gyara tun labari bai kammala ba shi ne ke haifar da shakka, har ki ga komai naki bai yi ba.

A ganina, babban tarko a yau shi ne sakin labari babi-babi a WhatsApp ko Wattpad tun ba a gama shi ba. Masu karatu za su matsa a hukunta wance, a aurar da wance, idan kuma suka yi shiru kwana biyu sai gwiwarki ta yi sanyi, alhali shirun nasu bai ce komai game da ingancin aikin ba. Ki kammala tukuna, sannan ki ba mutum ɗaya ko biyu masu gaya miki gaskiya, ko ki kai shi zaman marubuta irin na ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda aka kafa a 1981 kuma take da reshe a Kano.

Idan dogon littafi ya yi miki nauyi, ki gwada gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, tana da wa'adin rufewa, kuma wa'adi yana tilasta wa mutum ya gama. Idan ba a zaɓi naki ba, ki ajiye shi wata guda, ki karanta shi da babbar murya, ki gyara wuraren da harshenki ya yi tuntuɓe, sannan ki fara wanda za ki tura baɗi.