Darasi na Tara: Sauya Tayar Mota Idan Kuɗi Ya Yi Ƙaranci

Nauyin mota gaba ɗaya, har da fasinja da kaya, a kan wurare huɗu yake zaune, kowanne faɗinsa kamar tafin hannu. Nan ne taya take taɓa ƙasa. Komai kyan birki, komai lafiyar sitiyari, ta waɗannan wurare huɗu suke kama titi. Ita kuwa taya ba ta tambayar abin da ke aljihun mai mota kafin ta gaji. Wannan darasi zai nuna yadda za a karanta rubutun da ke jikin taya, a auna sauran ƙarfinta, a yi lissafi, don ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi inda ya fi amfani.

Shin tayar ta mutu ne, ko faci take so?

Ba kowace taya mai yoyon iska ce ta kai a yar ba. Idan ƙusa ta huda ta a tsakiyar fuskar da ke taka ƙasa, kuma faɗin hujin bai wuce milimita 6 ba, ana gyarawa. Gyaran kirki shi ne a cire tayar daga rim, a duba cikinta, a toshe hujin, a manna faci daga ciki. Cusa igiyar roba daga waje ba tare da an buɗe tayar ba, wannan na isa gida ne kawai.

Amma idan hujin ko yankan yana gefen taya ne, wato bangonta inda rubutu yake, ba ta da gyara. Gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa duk juyin da ta yi, faci ba ya zama a nan. Haka idan ta yi kumburi a gefe kamar ƙwai: zaren da ke cikin robar ne ya tsinke, galibi bayan an faɗa rami ko an daki bakin titi, iska ce ke turo fatar waje. Irin wannan taya fashewa take yi ba sallama.

Sai a duba zane, wato ramukan da ke fuskar taya. Aikinsu kore ruwa daga ƙarƙashinta. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta wajen milimita 8 ne. Doka a ƙasashe da yawa ta haramta taya da zanenta ya gaza milimita 1.6. Masu ƙera taya sun sa alama a kan haka: a cikin ramukan akwai 'yan tudun roba ƙanana da suka gitta, kuma a kafaɗar tayar za ka ga TWI ko ɗan alwatika yana nuna inda suke. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da waɗannan tudun, ta ƙare. Tun daga milimita 3 ma riƙonta a jiƙaƙƙen titi ya fara raguwa sosai.

Wanda ba shi da ma'auni ya ɗauki tsinken ashana, ya sa gindinsa a cikin ramin, ya danna farce daidai fuskar taya, ya ɗora a kan rula. A auna wuri uku: gefen waje, tsakiya, da gefen ciki. Gefen cikin nan shi aka fi mantawa, don sai an murɗa sitiyari an duƙa ake ganinsa, kuma sau da yawa shi ke fara suɗewa.

Karatun jikin taya

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da haruffa kamar haka:

185/65 R15 88H

185 shi ne faɗin tayar a milimita. 65 tsayin gefenta ne, amma ba a milimita ba: kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 120. R na nuna yadda aka jera zaren cikinta, irin da kusan duk ƙananan motocin yau ke amfani da shi. 15 girman rim ne a inci. Tayar 15 ba ta hawa rim na 14 ko na 16, ko da an yi mata dabara.

Lambobin ƙarshe su ne mutane ke tsallakewa, alhali su ne masu rai. 88 alamar nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ce, ba kilo 88 ake nufi ba. 82 na nufin kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615. H kuma iyakar gudu: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Wani zai ce ai shi ba ya irin wannan gudu. Gaskiya ne, amma harafin yana kuma nuna yadda tayar ke jure zafin da tafiya ke haifarwa. Motar ɗaukar kaya ko fasinja da yawa takan buƙaci taya mai C bayan lambar rim, ko mai XL. Sa mata tayar ƙaramar mota don araha, neman fashewa ne a ƙarƙashin lodi.

Kada ka dogara da lambar tsohuwar tayar da ke jikin motar, domin mai ita na baya yana iya sa wadda ba daidai ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke faɗin girman taya da yawan iska. Wasu motocin a murfin tankin mai take, ko a littafin mota. Kwafe lambar a takarda ka tafi da ita. Lambar nauyi da harafin gudu, a sayi daidai ko sama, kada a sauka ƙasa.

Ranar haihuwarta

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Nemi haruffan DOT a gefen taya, ka bi jerin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, yawanci cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an juya tayar. In ka ga lambobi uku kacal, an yi ta ne kafin shekarar 2000, ka bar ta inda ka same ta.

Manyan kamfanonin taya sun ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a sauke ta komai kyan zanenta. Wasu masu ƙera motoci shekara shida suka yanke. Zafin rana yana gaggauta tsufan. Alamarsa ƙananan tsagewa a gefe da cikin ramuka, kamar fason ƙafa. Wannan har da safaya, wadda kan shekara goma a but ba wanda ya leƙa ta.

Sabuwa mai sauƙin kuɗi ko ta gwanjo?

Nan ne lissafi yake. Mai sayen taya ba baƙar roba yake saya ba, milimitocin zane yake saya. Sabuwa tana da 8, a cire 1.6 da ba a amfani da shi, saura 6.4. Ta gwanjo mai milimita 4, a cire 1.6, saura 2.4. Wato abin da ya rage mata ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na sabuwa da kaɗan. In an sayar maka da ita rabin kuɗin sabuwa, kai ne ka yi tsada. Ga shi za ka sake biyan kuɗin ɗaurawa nan kusa. Araha ba ta ado.

Don haka sabuwar taya mai matsakaicin farashi, wadda lambobinta suka dace da motar, ta fi tsohuwa mai babban suna. Wajen zaɓe tsakanin sababbi masu sauƙin kuɗi, jikinsu yana taimakawa. Tayoyi da yawa suna ɗauke da makin da ake amfani da shi a Amurka: TRACTION, riƙon jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa A, B, C, da TEMPERATURE, juriyar zafi, A, B ko C. A ƙasa mai zafi a nemi A, in ba a samu ba B. Takardar da ake manna wa tayoyin kasuwar Turai kuma tana ba da makin riƙon jiƙaƙƙen titi daga A zuwa E. In za a rage wani abu saboda kuɗi, a rage suna ko rashin ƙara, kada a rage riƙon ruwa.

In dole ta sa sai ta gwanjo, to a duba ta a ƙasa, ba a jikin rim ba. Karanta shekararta. Auna zane wuri uku. Ƙasa da milimita 5 ba ta cancanci wahala ba. Sa hannu da tocila a ciki: faci kusa da gefe, ko faci fiye da ɗaya kusa da juna, ko garin roba da tamoji a bangon ciki, wanda ke nuna an taɓa tuƙa ta ba iska, duk dalilin fasawa ne. Duba leɓenta da ke kama rim, kada ya zama a yage ko waya ta leƙo. Lura da ramukan da aka sake yankawa da wuƙa don tsohuwar taya ta yi kamar sabuwa: bakinsu ba ya tafiya daidai, kuma tudun TWI sun ɓace. Mai hoton tsauni da ƙanƙara a gefenta kuma tayar lokacin sanyi ce, robarta laushi gare ta, a kan titi mai zafi nan da nan take cinyewa.

In kuɗin biyu kaɗai ake da shi

Biyun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, kuma a ɗaura su a baya. Direbobi da yawa suna musun wannan, suna cewa ai gaba ce ke da sitiyari da inji. Dalilin shi ne: idan tayoyin gaba suka zame a kan ruwa, direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa, mota ta dawo. Idan na baya suka zame, gindin motar ne ke juyowa gaba, kuma ba kowa ke iya tare wannan ba. Mafi kyau daga cikin tsofaffin su koma gaba.

In ɗaya ce tak, a haɗa ta da wadda ta fi zane cikin tsofaffin, a sa su a baya. Motar da ke ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci tana da nata sharaɗin, don bambancin tsayin tayoyi yana wahalar da giyarta. A duba littafinta kafin a saya.

Wajen ɗaurawa

Tsohuwar tayar tana faɗa maka abin da ya kashe ta. In tsakiya ya cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu suka cinye, iska ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne, ƙafar motar ta karkace, tana son alaimen. In cin ya yi tudu da kwari, a duba shokazoba da balans. Wanda ya ɗaura sabuwa bai gyara wannan ba, cikin 'yan watanni zai dawo.

A sa sabon bawul, wato bakin da ake buga iska, kuɗinsa kaɗan ne, tsohon kuma shi ke satar iska. A yi balans. Taya mai kibiya da ROTATION, kibiyar ta bi juyin tafiya gaba. Mai OUTSIDE, wannan gefen ya kalli waje. A ɗaure notuna ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Iska kuma a bi lambar takardar ƙofa, wadda a ƙananan motoci takan faɗa tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi. Lambar MAX da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bugawa ba. A auna sau ɗaya a wata, da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Ƙarancin iska yana sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa har ya yi zafi, zaren ya saki, ga shan mai. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya wa tayoyin wuri don su cinye tare.

Aiki

Je wurin wata mota da takarda da biro, ka kwafe duk jerin lambobin taya ɗaya, ka rubuta ma'anar kowanne. Sannan ka amsa: taya mai 4719, a wane mako da wace shekara aka yi ta? Tayar gwanjo mai zane milimita 5, milimita nawa suka rage mata na amfani? In motar tana son 91H, aka kawo maka 88T, za ka karɓa? Faɗi dalili.