Yadda Ake Haɗa Sabar Imel Mai Tsaro Don Ma'aikatanka

Bara wani Alhaji mai dilar atamfa a Kantin Kwari ya kira ni, yana so yaran shagonsa su riƙa tura rasit da lissafi ta imel na kansu. Ga hanyar da na bi.

Fara da rajistar adireshin kamfani, irin mai ƙarewa da .com.ng, a wajen dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da adireshin intanet masu ƙarewa da .ng, ta amince da su. Sai ka yi hayar saba a intanet, wato kwamfutar da za ta riƙe wasiƙunku, ka ɗora mata babbar manhajar Debian ko Ubuntu. Kada ka girke ta a shago, don da an ɗauke wuta saƙonni sun maƙale. Kafin ka biya ko sisi, tambayi kamfanin hayar ko ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo ta cikinta, a buɗe take. Da yawansu suna toshe ta, kuma in babu ita saƙo ba ya fita.

Saka manhajar Postfix, ita ke aikawa da karɓar saƙo, sai Dovecot mai kai wasiƙu wayoyin ma'aikata. Da manhajar Certbot za ka samu takardar shaidar TLS, tsarin da ke rufe saƙo a hanya, kyauta daga ƙungiyar Let's Encrypt. Kwana 90 take yi, don haka saita ta ta riƙa sabunta kanta. Ma'aikata su shigo ta ƙofa 587 da 993 kaɗai, manhajar Fail2ban kuma ta kori masu cankar kalmar sirri.

A DNS, kundin adireshin intanet, ka rubuta MX mai nuna sabar da ke karɓar wasiƙunka, da SPF, DKIM da DMARC masu tabbatar da cewa saƙo daga gare ka yake, ka sa kamfanin hayar ya gyara maka PTR mai haɗa lambar sabar da sunanta. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke matsa wa saƙon da ba shi da SPF ko DKIM.

Bayan an gama wannan ne mutane suka fi yin sake. Da Alhaji ya ga alamar kwaɗo a wayarsa, sai ya ce, "To, an gama ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kwaɗon na hanya ne, ba na akwati ba."

TLS yana rufe saƙo ne yayin tafiya. In ya sauka, duk mai iko da sabar zai iya karantawa, har da ni. Maganinsa OpenPGP, tsarin kulle saƙon kansa, wanda manhajar imel ta Thunderbird ke ɗauke da shi tun 2020. Kowane ma'aikaci ya ƙirƙiri makullansa biyu, ya raba na fili, ya ɓoye na sirri. Na sirrin nan a kwafe shi a filashi, domin in ya ɓata tsofaffin saƙonni ba za su sake buɗuwa ba. Na Alhaji yana cikin durowar da yake ajiye takardun shago.