Yadda dattijo zai ƙarfafa ƙafa har ya kai ga ɗan tsalle

Wallahi abin na damuna in na shiga masallacin unguwarmu a Tudun Wada na ga kujerun roba jere a gefen sahu, da yawa cikin iyayen nan namu ƙarfin cinya ne kawai ya tafi, tasowa daga sujada ta zama aiki. Tsoka tana fara raguwa tun wajen shekara 30, in an haura 60 abin ya ƙara gudu, kuma wanda ke riga tafiya shi ne zafin nama, wato zaburar nan da mutum ke yi ya tare kansa in ya yi tuntuɓe.

To Baba ga yadda za a fara. A samu kujerar katako mai ƙwari a jingina ta da bango, ku zauna ku tashi ba dafawa sau 8 zuwa 10, a huta minti ɗaya a sake. Tashin da ɗan sauri, zaman kuma a hankali kuna ƙirga uku, kuma don Allah kar a riƙe numfashi musamman mai hawan jini. Sai ɗage, a dafa bango a ɗaga diddige a sauke sau 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai 65 zuwa sama ya riƙa irin wannan motsin kwana 3 a sati ko fiye.

Tsalle kam sai an yi kamar wata biyu ana wannan gwiwa ba ta yi ƙorafi ba. Shi ma ba tsallen yara ba, ku riƙe ƙarfen taga, ƙafa ta ɗan rabu da ƙasa kaɗan, a dira kan gaban tafin ƙafa gwiwa a lanƙwashe, sau 5 ya isa ranar farko. In Hajiya na ɗaki ta ji dim to an dira da nauyi, a sassauta. A sa kambas, banda silifas, a kan ƙasar tsakar gida, tayil na da santsi. Da sanyin hunturun Zariya kuma a fara zagaya gida minti 5 jiki ya ɗau ɗumi.

Mai sanyin ƙashi, ko wanda ya taɓa karaya, ko mai suga da ƙafarsa ke dindiris, ya tsaya iya zama da tashi a kujera da ɗage, banda tsalle, har sai likita ya duba shi, akwai masu gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa a tsaya nan take.