Yadda Ake Lissafin Rarar Mai a Sabulun Gida

Rarar mai ita ce ɗan man da ake bari a cikin sabulu da gangan, kostik soda ba ta cinye shi ba. Shi ke sa sabulu ya yi taushi a fata, kuma shi ke rufe ƙaramin kuskuren awo. Ba ƙara mai ake yi ba. Sodar ake ragewa.

Kowane mai yana da yawan sodar da ke mayar da giram ɗaya nasa sabulu. Da kostik soda, alƙaluman da aka saba aiki da su kusan haka suke: manja 0.142, man kwakwa 0.183, man gyaɗa 0.137, man kaɗanya 0.128. Waɗannan matsakaitan alƙaluma ne, don manjan wata kasuwa ba daidai yake da na wata ba. Wannan ma dalili ne na barin rara.

A ɗauki haɗin mai kilo ɗaya: manja giram 400, man kwakwa 250, man gyaɗa 200, man kaɗanya 150. Sai a ninka kowanne da alƙalaminsa. Manja zai ci soda giram 56.8, kwakwa 45.75, gyaɗa 27.4, kaɗanya 19.2. Jimilla 149.15. Wannan ita ce sodar da za ta cinye man kaf. In rarar kashi 5 cikin ɗari ake so, a ninka da 0.95, a samu giram 141.7. In kashi 8 ne, a ninka da 0.92, a samu 137.2. Ruwa kuwa ninki biyu na nauyin sodar ya isa, wato kusan giram 283 a haɗin mai rarar kashi 5. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, kuma kada a yi a tukunyar dalma.

In an karɓo haɗi daga wani, a duba rararsa kafin a ɓata kaya: a raba sodar da ya faɗa da cikakkiyar sodar da za ta cinye man kaf, a cire daga ɗaya. Giram 135 a kan 149.15 ya ba da rarar kusan kashi 9.5.

Nawa za a bari? Na wanka kashi 5 ya wadatar, a kai shi 7 ko 8 don masu bushewar fata da hunturu. Na wankin kaya sifili zuwa kashi 1, don man da ya rage kan tufafi zai koma. Sabulun man kwakwa zalla yana tsotse maiƙon fata sosai, shi ya sa ake kai shi kashi 20. Man kaɗanya yana da wani ɓangare da soda ba ta taɓawa ko ya aka yi, saboda haka haɗin da ya yi yawan kaɗanya bai buƙatar babbar rara.

Rara ta yi yawa, sabulu ya ƙi tauri, kumfa ta ragu, bayan 'yan watanni ɗigo mai launin ruwan lemo ya fito masa da warin tsohon mai. Man gyaɗa ya fi saurin wannan a lokacin zafi. Ta yi kaɗan, sabulu ya riƙa marmashewa yana cin fata.

Yawancin matsalar daga awo take. Gwangwani da kofi ba sa lissafin rara, don kashi 5 na sodar wannan haɗin giram 7 da ɗan abu ne kawai. Sai sikelin da ke nuna giram. Sannan sodar da aka bari a buɗe tana shan laima da iska, ƙarfinta ya ragu, sai rarar ta hau ba a sani ba. In ta dunƙule, a sake sabuwa.

Wasu na ajiye man kaɗanya sai haɗi ya fara kauri su zuba, wai shi zai zama rarar. A haɗin sanyi, wato wanda ba a dafawa, hakan ba ya aiki, don a lokacin sodar ba ta gama ci ba, kuma ba ta zaɓen mai. Sai a sabulun dafawa, inda ake zuba shi bayan an sauke.