Saita Injin Turbo: Kurakuran da Ake Tafkawa Tsakanin Daino da Kwalta

Duk inda masu son ƙara wa mota ƙarfi suka haɗu, gardamar nan ba ta ƙarewa: a kan daino ya kamata a saita inji, ko a kan titi? Wannan ya ce daino ɓarnar kuɗi ce tunda mota ba a ɗaki take aiki ba, wancan ya ce saitin titi wasa da rai ne. A ganina kowannensu yana da abin da yake nuna maka wanda ɗayan ba zai iya ba, kuma yawancin injinan da ke lalacewa bayan saiti, mai su ya dogara da guda ne ya bar guda. Zan yi misali da Hilux mai shan dizal, mai injin 1KD-FTV na lita 3, wadda daga kamfani take zuwa da ƙarfin doki kusan 170.

Ga wanda bai taɓa ganin daino ba, wasu manyan gangunan ƙarfe ne a binne cikin daɓen gareji. A hau kansu da tayoyin baya, a ɗaure motar tamau da bel, a sa giya ta huɗu, a take totur har ƙasa. Tayoyi na juya gangunan, kwamfuta na auna ƙarfin da ke isa ƙasa, mota kuwa ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa tun kafin a isa can ake yin sa: kai inji mara lafiya wurin saiti. Mutum ya ji motarsa ta yi sanyi, ba ta ja kamar da, sai ya ce bari a taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Alhali wataƙila tiyon da ke kai iska daga turbo ne ya tsage, ko kilif ya saki, ko filtar iska ta cika da ƙurar hunturu. In mai saiti ya ƙara mai a kan wannan, hayaƙi da zafi kawai ya ƙara. A 1KD akwai wani ciwo da makanikai suka sani sarai: wasar tagulla, wato zoben da nozul mai fesa dizal cikin inji ke zama a kansa, takan fara yoyo, hayaƙin konewa ya shiga cikin baƙin mai, ya daskare ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Nozul da ya gaji kuma yana feshi ba daidai ba, kuma an san injin nan da tsagewar fistin idan hakan ya daɗe. Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A jona kwamfuta a karanta yadda kowane nozul ke aiki, a canza wasoshin in lokacinsu ya yi, a toshe hanyar iska a hura mata iska da kwamfuresa a saurari inda take fita, a sa sabuwar filtar iska da ta dizal. Sai an gama wannan ake maganar ƙarin ƙarfi.

Sannan ba kowane daino ne ya dace da motar turbo ba, kuma mutane kaɗan ne ke tambaya. Akwai wanda nauyin gangarsa kawai motar ke juyawa, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Akwai kuma mai birkin lantarki, wanda zai iya riƙe inji a gudu ɗaya, a ce juyi 2,000 a minti, komai yadda ka take totur. Turbo hayaƙin inji ke juya shi, inji kuma ba ya fitar da hayaƙi mai ƙarfi sai yana jan nauyi. A daino na farko turbo bai gama tashi ba an wuce wurin, sai mai saiti ya ga iska ta yi kaɗan a ƙaramin juyi, ya gyara bisa abin da ya gani. Ranar da motar ta ɗauki kaya ta hau tudu, iskar ta zo da wuri ta wuce inda aka tsara. Kafin ka biya, tambayi mai gareji ko dainonsa na iya riƙe nauyi. In ba ya iyawa, amfaninsa aune kawai, ba saiti ba.

Sai maganar iska, wadda na fi so a tsaya a kanta. Wannan Hilux ɗin intakularta, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, a saman inji take, ƙarƙashin ƙofar nan da ke kan bonet, inda iskar gudu ke shiga ta sanyaya ta. A kan daino me ake yi? A ɗaga bonet, a ajiye fanka a gaban lagireto, a manta da intakula. Ja na farko lafiya. Kafin na uku, ɗora hannunka a kanta ka ji, ba za ka iya barin sa ba. Iskar da ke shiga inji ta yi zafi, ƙarfi ya sauka, mai saiti ya ɗauka laifin saitinsa ne, ya ƙara mai. Ko kuma akasin haka ya faru: a yi ja ɗaya da sassafe komai da sanyi, lamba ta fito da kyau, a rufe kwamfuta. Duka biyun ƙarya suka faɗa maka. A sa wa intakula fankarta daban, a riƙa duban zafin iskar shiga a kwamfuta, kuma kada a fara sabon ja sai ya sauko inda na baya ya fara.

Takardar da ake ba ka a ƙarshe ita ma tana ruɗar mutane. Lambar da ke jikinta ba zallar abin da aka auna ba ce, an daidaita ta zuwa wani yanayi na ma'auni, kamar na SAE J1349 mai zafin digiri 25. Daino biyu ba sa ba da lamba ɗaya ga mota ɗaya. Ƙarfin ɗaurin bel ma yana canza ta, haka tayoyin nan masu manyan haƙora na shiga daji. Abin dubawa shi ne bambancin kafin saiti da bayansa, a daino ɗaya, a rana ɗaya. Kai da motarka ta ɗaukar kaya ce, ƙarfin jan da take bayarwa tsakanin juyi 1,600 da 2,800 ya fi maka amfani nesa ba kusa ba a kan lambar da ke can ƙololuwa.

Masu saitin titi kuma nasu kuskuren shi ne yarda da jin jiki. A fita da yamma, mota wayam ba kaya, a take ta kilomita biyu, ta danna mutum jikin kujera, a ce ta yi. Jiki ba ya jin zafin hayaƙi, kuma shi ne ke kashe injin dizal. Gejin zafin ruwa da ke gabanka ba zai motsa ba sai aikin gama ya gama. Dole a sa gejin zafin hayaƙi, kuma wurin da aka dasa shi yana da muhimmanci. In bayan turbo aka huda salansa aka sa, abin da yake nunawa yakan gaza na gaskiya da digiri 100 ko fiye. A kan manifol ake so, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga inji kafin ya isa turbo, kuma yawancin masu sana'ar ba sa yarda ya zauna sama da digiri 700 na tsawon lokaci.

A nan ne wanda ya saba da injin fetur yake shiga ruɗani. A fetur mai turbo, ƙarancin mai ne ke kawo zafi da ƙarar bugun fistin, shi ya sa ake ƙara masa mai idan iska ta yi yawa. Dizal ba haka yake ba. Yawan man ne ke ƙara masa zafi, yawan iska ke sanyaya shi. Baƙin hayaƙin nan da wasu ke alfahari da shi idan suka take, man da bai ƙone ba ne, kuɗinka ne ke bin iska, yana kuma gaya maka cewa mai ya fi ƙarfin iskar da ke akwai. In ka ga haka a rage mai a wannan wurin, ko a jinkirta shi har turbo ya tashi.

Gwajin titi na gaskiya shi ne a gwada motar da irin aikin da za ta yi. A ɗora mata kayan da ta saba ɗauka, a kunna na'urar sanyi, a fita da tsakar rana, a nemi doguwar hanya mai hawa. Saitin da ya yi kyau a watan Disamba bai tabbata ba sai ya ga Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke wuce digiri 40. Tudu ma yana da nasa. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100, don haka turbo sai ya ƙara gudu kafin ya tara iskar da ƙwaƙwalwa ke nema. Motar da aka matse ta har iyaka a ƙasa, in ta zo Hawan Kibo da kaya, ba ta da sauran wurin numfashi. A bar mata rara. Doki goma da ka haƙura da su ba za ka ji rashinsu ba.

Kuloci kuwa shi ke fara kuka. In a giya ta biyar ka take, juyin inji ya tashi gudu bai ƙaru ba, ya fara zamewa ke nan. Ko a rage ƙarfin ja a ƙaramin juyi, ko a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Mai giya otomatik ya sa ido kan zafin man giyar.

Don Allah kada mutum ɗaya ya haɗa tuƙi da duban laftof. Mutum biyu ake so, ɗaya a sitiyari, ɗaya da kwamfuta tana ɗaukar bayanai, a hanya mara mutane da dabbobi, a yi zuwa a yi dawowa saboda iska da gangara. Canjin kansa sai an tsaya a gefen hanya ake yin sa. Duk abin da ke buƙatar gudu mai yawa a bar wa daino, don irin wannan aka yi shi.

Kafin a taɓa komai kuma, ka sa mai saiti ya kwafe ainihin bayanan da ƙwaƙwalwar ta zo da su daga kamfani, ya ba ka naka kwafin a filashi. In daga baya ka canza turbo, intakula ko nozul, tsohon saitin ya tashi daga aiki, sai an koma daino an sake, sannan a kuma fita titi da kaya.